Maɗacin da Hannu Ya Dasa

Tun da muka dawo daga ƙasar Gana, ni da yayana Alhaji Salihu, ban zauna a wani zaure ba tsakanin Maƙarfi da Ikara face an tambaye ni labarin tafiyar. Wasu so suke su ji ko gaskiya ne mata ke riƙe da kasuwa a can, wasu kuma ko mun ga teku. Shi Yaya, idan aka tambaye shi, hannu kawai yake ɗagawa sama ya ce, "Ku tambayi Malam, shi ya yi karatun." Na ga maimaitawar ta yi yawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai in ji itatuwan da muka gano a can sun ƙara tsawo a bakina. Saboda haka na ga gara in rubuta sau ɗaya, tun abin bai wuce yadda na gan shi ba.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fili a gefen rafi kusa da Kurmin Kogi, ba mu raba shi ba. Ƙasa ce mai laima, da tsofaffin itatuwa a warwatse, maɗaci da kanya da ɗorawa. Yaya manomin rake ne, yana da injin matsa a Gazara wanda doki ke juyawa, mazarƙwailarsa har Kano ake kai ta. Ya ƙudura a sare itatuwan, filin gaba ɗaya ya zama gonar rake. Ni kuwa da girmana na je jami'a a Ingila na karanci ilmin tsirrai, na dawo da buri ɗaya, wato a dasa maɗacinmu na gida a jere saboda katako, maimakon dalbejiya da itacen turare da ake kawo mana daga wasu ƙasashe. Har na yi reno a bayan gidana, dashe cikin gwangwanaye, yana jiran wurin zama.

"Malam Haruna," in ji shi, don haka yake kirana idan zai yi mini ba'a, "maɗaci Allah ke dasa shi. Wanda hannu ya dasa, je ka barikin Zariya ka duba. Gindi kamar rumbu, amma kafin ya kai tsayin zaure ya rabu uku. Katakon me za ka fitar? Kujerar tsugunno?"

Na ce masa a littattafai na ga inda ake yi.

"Ni ba na cin littafi. Nuna mini itacen ƙasa wanda mutum ya dasa, ya miƙe ya yi tsawo, mai dasa shi yana da rai. In na gani da idona, fili naka ne. In ban gani ba, kafin ruwan shuka gatari zai shiga."

Ina da aboki da muka yi karatu tare, Mista Kwabina, ma'aikacin gandun daji a ƙasar Asante, ya daɗe yana gayyatata. Da hutun bazara ya zo na ce da Yaya ya shirya. Ban zaci zai yarda ba. Ashe tun yana yaro yake jin labarin hanyar goro a bakin kakanninmu, yana neman dalilin bin ta.

Motar kaya ta kai mu Zariya, muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Ikko. Guzurin Yaya ya fi kayan sawarsa yawa: garin kunu, dambun nama, da buhu guda na mazarƙwaila don tsaraba. A taragonmu akwai wata Bayarabiya mai fataucin tufafi, Hausarta ta Kano ce tsaf. Da ta ji dalilin tafiyarmu ta daɗe tana dubanmu, sannan ta ce, "Na ga masu zuwa neman kuɗi, na ga masu zuwa neman magani. Masu zuwa kallon itace dai sai yau." Yaya ya nuna ni ya ce, "Iya, ga mai lalurar nan, ni rakiya na yo."

Bayan mun haye gadar Jaba daji ya fara duhu. Duk sa'ad da muka wuce wani dogon itace sai in taɓa shi in nuna masa, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Wannan ma Allah ya dasa." Gaskiyarsa ce, na daina nunawa.

A Ikko mun kwana a unguwar Hausawa masu sayar da goro, washegari muka shiga motar fasinja mai bin bakin teku. A kan iyakar Dahome aka sauke mu duka, aka zube kaya a ƙasa. Ma'aikacin kwastan ba ya jin Hausa, ba ya jin Ingilishi, mu kuma ba ma jin Faransanci. Ya buɗe buhun Yaya ya ɗauko curin mazarƙwaila, ya jujjuya, ya sansana, ya ƙwanƙwasa a kan teburi, ya kira abokan aikinsa. Na lalubo duk kalmomin da na sani na sukari da rake, ba wadda ta kama. Yaya ya gaji da tafintata, ya karɓi curin ya fasa da ƙotar wuƙarsa, ya jefa ɓari a baki, ya miƙa wa mutumin ɓari. Mutumin ya ɗanɗana da tsoro, sai fuskarsa ta washe. Kafin a buga mana hatimi Yaya ya raba wa kowa a rumfar, har da wata tsohuwa mai kwandon kifi da ba ruwanta da maganar.

Muna barin iyaka direba ya koma hannun dama na hanya. Yaya, da ke zaune kusa da taga, ya ga wata babbar mota ta taho ta gefen da bai saba ba, ya kama salati da ƙarfi yana jan rigar yaron mota. Aka yi masa bayani cewa a ƙasashen da Faransa ta riƙe haka ake tuƙi. Ya ce, "Hanya ɗaya, rana ɗaya, amma kowane Bature da hannunsa." Dahome da Togo ba su da faɗi ta bakin teku, wuni ɗaya muka ratsa su. Da muka shiga Gana direba ya sake komawa hagu, Yaya ya rufe ido. Muka haye wani babban kogi a jirgin fito, mota da mutane da awaki gaba ɗaya, muka kwana a Ankara, babban birninsu, sannan muka nufi arewa zuwa Kumasi.

A zangon Kumasi muka sauka wajen wani fatoma mai saukar baƙi, Alhaji Baƙo. A can aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma mahaifinsa mutumin Kudan ne. Da ya ji inda muka fito sai ya zaunar da mu yana tambayar unguwanni da rijiyoyi da sunayen da mu kanmu sai a bakin tsofaffi muka ji su. Hausarsa ta tsaya inda mahaifinsa ya bar ta, ta kuma kwaso kalmomin Asante a hanya. Na ji kamar ina sauraron kakana sanye da rigar wani.

Abinci kuwa ya ba mu aiki. Da safe akwai koko da ƙosai kamar a gida, akwai kuma wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi. Amma da rana sai sakwarar rogo da ayaba cikin miyar manja, ko dokunu, wani tuwon masara mai tsami, da barkono da kifi. Ni na saba a hankali. Yaya cikinsa ya ƙi, ya dinga kai da kawo da buta, yana cewa wannan ƙasa ko ruwanta manja ne.

Daga bakin Alhaji Baƙo muka ji al'adar da ta fi kowace ɗaure wa Yaya kai. A wurin Asante na gargajiya, mutum ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa, ba ɗan cikinsa ba. Yaya ya ajiye goron da zai kai baki ya ce, "To wa zai wahala ya dasa wani abu, alhali ɗansa ba zai ci ba?" Alhaji Baƙo ya ce, "Ga gonakin itacen koko nan ka gani ko'ina, Alhaji, ba aljanu suka dasa ba." Mun kuma ga jana'izarsu, jama'a cikin jan zane da baƙi, ana kiɗa ana gaisawa layi-layi kamar ranar salla. Da farko abin ya yi mini nauyi. Daga baya na tambayi kaina, in su suka ga yadda muke kai mamaci cikin hanzari ba kiɗa ba taro, me za su ce game da mu?

Mista Kwabina ya zo da motar ma'aikatarsu ya ɗauke mu. Ya girme ni kaɗan, gajere ne, mai furfura, tun yana saurayi yake aikin daji kafin a tura shi karatu. Ya gai da Yaya da hannu biyu. Yaya ya ce in gaya masa shi ba itacen Allah ya zo gani ba. Mista Kwabina ya yi murmushi ya ce zai nuna mana wuri uku, kuma a bi su bi da bi.

Wuri na farko gona ce, ko abin da na ɗauka gona. Ayaba da gwaza da barkono da masara sun cakuɗe, ba kunya ba layi. Sai da aka nuna mana muka lura da 'yan itatuwa sirara a tsakani, a jere, kowane da turke a gefensa. Mai gonar wata mace ce mai jiki, Mama Akosuwa, ta fito da adda a hannu. Maganarmu da ita hawa uku take yi: ita ta gaya wa Mista Kwabina da harshensu, shi ya gaya mini da Ingilishi, ni in gaya wa Yaya da Hausa.

Tsarin shi ne, hukuma ta ba manomi yanki a cikin gandu ya noma abincinsa, da sharaɗin ya dasa itatuwan katako a tsakani ya kula da su. Yana nome amfaninsa yana nome su. Bayan 'yan shekaru itatuwan su rufe sama, amfani ya daina yi, sai ya tashi a ba shi wani yanki.

Yaya ya ce, "Tambaye ta. Ta san abin da take reno shi zai kore ta?"

Da tambayar ta isa gare ta sai ta yi dariya har tana dafa ayaba. Ta ce wannan ba ita ce gonar farko da aka kore ta ba. Ta nuna mana bayanta da adda, inda wani kurmi ya tashi kamar bango, ta ce can ma gonarta ce, a can ta yaye autarta.

Muka shiga wurin. Itacen ɗan'uwan baushenmu ne, amma ba karkata ba ƙulli, rassansa hawa-hawa a can sama kamar an jera faifai. An dasa shi ne wajen lokacin da ƙasarsu ta sami mulkin kai, ga shi ya wuce duk wani soron bene da na sani a Zariya. Ma'aikata na auna ƙananan da gora doguwa da aka yi wa zane, suna haɗa wata a kan wata. Waɗannan kuwa sun riga sun fi ƙarfin gora. Na ga Yaya ya daɗe yana kallo, amma ya ce, "Wannan ba maɗaci ba ne. Maganarmu a kan maɗaci take."

Wuri na biyu Mista Kwabina ya kira shi makarantarsa. Maɗaci ne zalla, aka dasa shi a fili tsirara cikin rana, da tazara mai faɗi. Ko ba a gaya mana ba mun gane shi, domin kamar an ɗauko barikin Zariya aka ajiye: gajeru, masu cokula, kowane ya rabu tun daga ƙasa. Yaya ya dube ni da farin ciki. Mista Kwabina ya karyo kan wani toho ya tsaga da farce, sai ga tsutsa a kwance a ciki. Ya ce duk tsawon itace a kan toho ɗaya yake, na can ƙoli. In tsutsa ta cinye shi, itacen ba ya mutuwa, amma sai ya fitar da biyu ko uku a madadinsa, daga nan ya bar neman sama ya koma neman gefe. Tsutsar ta fi samunsa idan yana tsaye shi kaɗai a rana. In aka cakuɗa shi da wasu itatuwa, aka matse shi, aka bar masa inuwa a gefe da haske ta sama kawai, sau da yawa yakan tsira, kuma ba shi da wajen zuwa sai sama.

Na tuna namu na gida, wanda makiyaya ke sassare wa kai da rani saboda shanu, na ga bai taɓa samun damar nuna iyakarsa ba.

Wuri na uku sai da muka bar mota muka taka. Ban san yadda zan kwatanta shi ba tare da an ce na ƙara gishiri ba. Mun baro rana mai zafi a waje, muka shiga wani haske kore mai sanyi, muryoyinmu suka ragu ba wanda ya ce a rage. Gindaye ne ja-ja a tsaye, wasu da fikafikai a ƙasa kamar na rimi, sun miƙe sumul ba reshe ko ɗaya har inda wuya ke gajiya. Rimin da muke alfahari da shi a ƙasar Zazzau, reshensa na farko ba zai kai rabin inda nasu ya fara ba. Abin da ya girgiza ni fiye da tsawonsu shi ne layi. In ka tsaya daidai, sai ka ga sun jeru har iyakar ganinka, ka san igiya aka ja, mutum ya durƙusa ya tona rami. Na karanta wannan duka a littafi, na ci jarrabawa a kansa, amma ban san ban yarda da shi ba sai da na tsaya a ƙarƙashinsa.

Mista Kwabina ya dafa ɗaya ya ce shekarar da ya fara aiki aka dasa su, shi ke ɗaukar dashen a ka cikin kwando.

Yaya ya ce, "Wannan ba maɗaci ba ne. Ku dai kun ga baƙo."

Wasu itatuwan an zagaye su da farin fenti daidai ƙirji. Su ne ake aunawa kowace shekara tun suna ƙanana, kauri a kan fentin, tsawo kuma da wata 'yar na'ura da ake leƙawa daga nesa. Mista Kwabina ya ja ni baya don ya nuna mini yadda ake leƙen ƙoli, muka bar Yaya a gindi. Ina cikin neman kan itacen a na'ura sai muka ji mai gadin gandu yana ɗaga murya. Muka koma da sauri. Yaya na tsaye da wuƙarsa, ya sassaƙo ɓawo kamar faɗin tafin hannu, kuma daidai kan farin fentin, don nan ne hannunsa ya kai.

Fuskar Mista Kwabina ta canja. Ya ce wannan itace ko yaron makaranta ya san ba a taɓa shi, raunin zai kumbura ya ɓata awon wurin. Na rasa da wane harshe zan fara ba da haƙuri. Shi kuwa Yaya bai ga laifin da ya yi ba. A wurinmu wa ke neman izini kafin ya sassaƙi maɗaci? Mai ciwon ciki ya yi bisimilla ya ɗiba, ya shafe wurin da ƙasa, ya tafi. Har ya riga ya durƙusa ya ɗebo jar laka yana shafe raunin da kyau, kamar yadda mahaifiyarmu ta koya mana. Da na fahimtar da shi nauyin abin, ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba, ya ce in gaya wa mutumin ya yafe masa, baƙunta ce. Mista Kwabina ya dubi lakar, ya yi ajiyar zuciya, ya ce tsohuwarsa ma da wannan ɓawon take maganin zazzaɓi, sai dai ita takan zaɓi wanda ba fenti. Ya ce za su matsar da zoben sama kaɗan.

Sai a lokacin Yaya ya kai ɓawon baki. Ya tauna. Na ga fuskarsa ta yamutse da ɗacin da duk ɗan ƙasarmu ya sani tun yana yaro. Ya tsaya da taunar, ya ɗaga kai a hankali yana bin gindin da ido har sama. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Haruna," ya ce, ba Malam a ciki, "shi ne."

Azahar ta same mu a wurin. Muka nemi rana don mu gane gabas, ba ta ganuwa, sai da Mista Kwabina ya fito da kamfas. Na yi salla a masallatai manya, amma ban taɓa jin ƙanƙantata kamar a wannan sahu na mutum biyu ba.

A hanyar komawa mota na tambayi abokina da Ingilishi ko namu zai yi haka. Bai ɓoye mini ba. Ya ce nasu maɗacin kurmi ne, namu ɗan'uwansa ne na ƙasar rani, ɗaci ɗaya amma hali daban. Su damina biyu suke samu a shekara, mu ɗaya, sannan watanni masu yawa ba ɗigo. Namu zai iya fin abin da muka saba gani in an kiyaye kansa, amma ba zai kai wannan ba, kuma zai yi jinkiri. Yaya ya ce me yake cewa. Na ce maganar ruwan sama muke yi. Ban yi ƙarya ba, amma ban fassara ba.

Da wannan na yi ta juyi a duk hanyar dawowa. Sharaɗin Yaya ya cika: ya ga itacen ƙasa, ya ga wanda ya dasa shi da rai. Filin ya zama nawa. Amma shin don ya ga gaskiya na kai shi, ko don in ci gardama? Rake abin da yake ci da iyalinsa ne, kowace shekara yana ba da amfani. Ni kuma ina shirin karɓe masa wuri da hujjar abin da na san ba zai faru a Kurmin Kogi ba.

Da jirgi ya sake haye gadar Jaba, itatuwa suka fara gajarta suna nisa da juna, na gaya masa duk abin da Mista Kwabina ya ce, ban rage ba. Na ce, "Yaya, na sauke maka sharaɗin. Abin da ka gani ba irin namu ba ne sosai, ruwansu ba namu ba ne. Ina da shekara hamsin, ka ba ni goma. Ban san tsawon da zai kai ba, kuma da wuya ɗayanmu ya ga an sa masa zarto. In ka sa rake ban ce ka zalunce ni ba."

Ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya juya yana kallon taga. Har Zariya bai tada maganar ba, ni kuma na ɗauka ta mutu.

Kwana biyu da isowarmu ya aiko in same shi a filin. An yi yayyafin farko, ƙasa na ƙamshi. Na tarar da masu sara daga Malikanci zaune a gindin kanya suna wasa gatura, da shugabansu Ɗan'asabe. Ashe tun kafin mu tashi Yaya ya yi magana da su, don bai taɓa shakkar shi zai ci ba.

Ɗan'asabe ya ce, "Alhaji, barka da dawowa. Ta wane gefe za mu fara?"

"Ku ajiye gatura. Akwai diga da fartanya a kan jaki."

"Alhaji, mu masu sara ne."

"Yau masu tono ne. Ladanku na nan yadda muka yi."

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Yaya, ka ji abin da na gaya maka a jirgi kuwa?"

"Na ji. Kai ruwan sama ka je ka auno. Ni mace na gani tana renon abin da zai tashe ta daga gonarta, tana dariya, ga wanda ya tashe ta a baya yana tsaye." Ya nuna ƙasa-ƙasa wajen rafi. "Can inda ruwa ke kwanciya rakena ne, ba na ba ka. Daga nan zuwa tudu a dasa. Tsofaffin nan a bar su su yi wa yaran inuwa. Zan sa masara da rogo a tsakani har ranar da suka kore ni. Ardon makiyaya kuma ni zan je in same shi da kaina, a kan maganar sassare kan itace."

"In bai yi tsawo ba fa?"

"Sai mu san iyakarsa. Yanzu wa ya sani?"

Na aika a kwaso gwangwanayen daga bayan gidana. Ɗan'asabe ya kama bakin igiya yana gunaguni, ya ja ta da faɗi irin tazarar da ake ba mangwaro. Yaya ya dube ni.

Na ce, "Kusa-kusa, Yaya. Sai sun matsu suke tashi."

Ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi diga.

"Ka ji, Ɗan'asabe. Matso da igiyar."

Iyakar abin da na gani ke nan, da abin da ya biyo baya. Saura yana wurin Allah, da ruwan bana.